Burtalin da Tauraro Bai Gani Ba

Na daɗe ina jin ƙunƙunin da kuke yi a kan gonar fadama. Ba a gabana kuke yi ba, amma maganar da aka yi a tsakar gida ba ta rasa hanyar zaure. Wasunku sun ce Fulani ne suka yi mini asiri na kyautar da ƙasa. Wasu sun ce dagaci ne ya tilasta mini. Akwai ma wanda ya ce yayarku Hadiza ce ta ruɗa ni da boko. Duk babu ɗaya. Da hankalina na yi, da igiyata na auna, da addata na sare. Tunda ƙarfina ya fara ja da baya, kuma na san wata rana za ku tsaya a bakin gonar nan da masu rabon gado, gara ku ji yadda aka yi daga bakin wanda ya yi.

Gonar da kuka sani, wadda ke gangarawa kogi ta yammacin garinmu a ƙasar Gubuchi, asalinta ta mahaifinmu ce. Da ya rasu aka raba mana ni da ƙanena Isa, ni gabas shi yamma. Abin da ya raba mu kuwa burtali ne, hanyar da shanu ke bi daga rugar Jauro zuwa mashaya. Lokacin da nake yaro faɗinta ya kai taku talatin na babban mutum. A cikinta na yi kiwon awakin innarmu, a cikinta muka yi kokawa da Buba ɗan Jauro, wanda ya kayar da ni sau uku, ni kuma na kayar da shi sau ɗaya nake ta ba da labari har yau. Mahaifinsa da namu aminai ne. Da rani shanunsu su kwana a gonarmu ta tudu su bar mana taki, da kaka mu aika musu da damin dawa. Buba shi ya gaji sarautar rugar, shi ne Jauron da kuka taso kuka gani.

To ku ji yadda hanya mai taku talatin take mutuwa ba wanda ya kashe ta. Babu manomin da ke tashi da safe ya ce yau zan cinye burtali. Sai dai idan an zo huɗa, mai garma ya isa bakin iyaka, sai ya ga ƙasar gefen ta fi baƙi, ta sha kashin shanu shekara da shekaru. Sai ya ce bari in ƙara kunya ɗaya tak, ai ba ta rage komai. Na ɗaya ɓangaren ya gani, shi ma ya ƙara tasa don kada a bar shi a baya. Baɗi haka, baɗin baɗaɗa haka. Ni da Isa ba mu taɓa zama mun yi shawarar wannan ba, ba mu kuma taɓa yi wa juna magana a kai ba. Da rake ya yi daraja a ƙasar Makarfi, motoci suka riƙa shigowa har bakin fadama, sai abin ya ƙara sauri. A shekarar da nake ba ku labari, hanyar ta koma taku huɗu. Shanu sai dai su bi layi ɗaya bayan ɗaya, ganyen rakena da na Isa kuwa har sun haɗe a samanta.

A tsakiyar daminar shekarar, wata safiya na tarar shanun Buba sun kwantar mini da rake mai yawa. Yanzu na san ba laifinsu ba ne, domin saniya ba ta san kunyar da aka ƙara bara ba. Amma ran nan idona ya rufe. Kun san ni da zuciya, mahaifiyarku ta fi ku sani. Ga shi ban daɗe da yin ritaya daga aikin malamin gona ba, ina jin kaina masani, an kuma naɗa ni sakataren ƙungiyar manoman rake. A wannan matsayi ne wasu ma'aikata da suka zo auna gonakin 'yan ƙungiya suka bar mini wata babbar takarda, hoton fadamarmu da tauraron ɗan Adam ya ɗauka daga sama. Da na dawo gida a fusace sai na warware ta a kan tabarma. Ga kogi, ga titi, ga garinmu ya yi toka-toka. Daga titi har kogi kuwa kore ne shar, babu ko zare da ya ratsa tsakanina da Isa. Na daɗe ina kallon wurin, sai na ji wani daɗi ya kama ni, irin daɗin wanda ya tsinci abin da ya san ba nasa ba ne kuma babu mai kallo.

Na kai ƙara gaban dagaci. Ranar zama fada ta cika, manoma a gefe ɗaya, Buba da dattawan ruga biyu a ɗaya gefen. Bayan an gaisa an sake gaisawa, na shimfiɗa takardata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni na zana wannan ba. Daga sama aka ɗauka, abin da ba shi da dangi a garin nan kuma ba ya cin hanci. A duba a nuna mini burtali."

Aka yi ta miƙa wuya. Wani ya ce gani ya kori ji. Wani ya ce ai abin nan ko allura ka yar a ƙasa yana ganinta. Isa yana bayana yana gyaɗa kai. Buba bai ko kalli takardar ba, ni ya kalla.

Ya ce, "Malam Sule, a ina ka karya haƙorinka na gaba?"

Na ce, "Ba tarihin haƙori ya kawo mu ba."

Ya ce, "To shi ke nan. Allah ya ba ka nasara, ni ba ni da takarda. Ƙafar shanuna ce shaidata."

A burtalin na karya shi, Buba ne ya maka ni da ƙasa. Dagaci mutum ne mai tsoron Allah, ya san da hanyar kamar yadda kowa ya sani, amma ga takarda a gabansa ga manoma sun zuba masa ido. Ya ba da mako biyu. In Jauro bai kawo abin da zai tunkuɗe hoton ba, za a toshe hanyar. Kowa a wurin ya san ma'anar haka. Babu wata hanyar zuwa ruwa sai ta titi, zagaye mai nisa cikin manyan motoci, wanda babu mai garken da zai jure. Ma'anarsa Buba ya tashi daga inda aka binne cibiyarsa.

Da na koma gida mahaifiyarku ta ajiye mini abinci. Sai da na wanke hannu ta yi magana, tana kallon ƙwaryar da ke hannunta.

"Malam, ran da aka kawo ni gidan nan, ta wace hanya aka biyo da ni?"

Na ce mata maganar maza ce, ta bar ta. Ta bari. Amma kwana uku a jere fura ta zo mini babu nono, ta ce wai ta ji nauyin aikawa ruga a sayo.

Ana cikin haka Hadiza ta zo suna daga Zariya. Ku ƙanana ba ku san irin faɗan da na sha kafin ta yi karatun taswira ba, har dangi suna cewa me mace za ta yi da awon ƙasa. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiranta sai da Uwata. Da hantsi ta shigo gaishe ni, ni kuma don in burge ta na ɗauko takardar, na ba ta labari da ƙarin gishiri. Ta saurara har na gama. Ta juya takardar, ta karanta wasu ƙananan rubutu a ƙasanta, sannan ta durƙusa kusa da ni.

"Baba, nuna mini gidanmu."

Na ɗora yatsa a kan wani wuri mai toka-toka.

"To ina rijiya?"

Na duba, babu. Ta tambayi rumbuna biyu, babu. Ta tambayi turken jaki da bishiyar zogale, babu ko ɗaya.

"Ashe ba mu da rijiya, Baba. Ruwan da na yi alwala da shi ɗazu fa?"

Na ce, "Uwata, kar ki mayar da ni abokin wasanki."

Ta yi dariya ta ba ni haƙuri, ta ciro wayarta ta buɗe irin wannan hoton. Ta sa yatsu biyu tana buɗa shi, yana ƙara girma, har fadamar ta daina kama da fadama ta koma wasu 'yan akwatuna masu kusurwa huɗu jere da juna, kowanne launi ɗaya. Ta ce da waɗannan ake gina hoton gaba ɗaya, ɗigo-ɗigo. A irin hoton da ke hannuna, kowane ɗigo yana ɗauke da fili mai mita goma tsawo, mita goma faɗi, wato kamar taku goma sha uku nawa kowane gefe. Duk abin da ke cikin wannan filin, tauraron ba ya rarrabe shi. Yana haɗa shi ne ya fitar da launi ɗaya, kamar yadda in an dama fura ba a iya nuna inda gero yake da inda nono yake. Idan a cikin ɗigo akwai rake ta nan, rake ta can, da 'yar hanya mai taku huɗu da ciyawa ta tsiro a kanta ganye kuma ya rufe ta, to kore zai bayar. Ta kuma nuna mini ranar da aka ɗauka, a tsakiyar marka ce, lokacin da ko kan dutse kore ne.

Ta ce, "Hoton bai yi ƙarya ba, Baba. Iyakar idonsa ke nan. An yi shi don a ga inda amfani ya yi kyau da inda ya yi rauni a ƙasa mai faɗi, ba don raba iyaka ba. Abin da bai nuna ba, bai ce babu shi ba."

Na ce ai mutane sun ce yana ganin allura. Ta ce akwai masu kaifin ido, waɗanda ɗigonsu bai fi kamu ɗaya ba, amma ko su ba su ganin allura. Ta lalubo wani irin wannan, na rani, ta miƙo mini. Sai ga rufin zaurena, ga bakin rijiya kamar ƙwayar barkono, ga rumbuna biyu. Ta ja hoton zuwa fadama. Ga burtalin nan siriri, fari, ya ratsa tsakanina da Isa har kogi. Ta sake taɓa wani wuri, sai ga na wasu shekaru da suka wuce, a nan hanyar ta ninka ta yanzu faɗi. Ta bar wayar a hannuna ta tafi wajen mata.

Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ran nan dai yarinya ce ta hau abin da ya fi rimi. Amma kada ku ɗauka Hadiza ce ta sanar da ni akwai burtali. Wannan ita ce maganar da ta sa na ɗauki alƙalami. Na sani tun kafin a haife ta. Na sani lokacin da nake shimfiɗa takarda a fada, haƙorina ma ya sani. Abin da na samu a hoton nan mafaka ce, wani abu mai kwarjini da zai faɗi ƙaryar a madadina, bakina ya zauna da tsarki. Da ta nuna mini cewa abin ba ya ganin rijiyar da nake sha, sai mafakar ta rushe na tsaya ni kaɗai. Na ji zafi ƙwarai, kuma zafin na kaina ne, ba na kowa ba.

Da la'asar na kira ta na yi mata tambaya ɗaya. Na ce faɗin nawa hanya za ta yi kafin ko wancan mai dishi-dishin ido ya gan ta? Ta ce in ana son a tabbata, to ta kai ɗigo biyu, mita ashirin, domin ta haka ko yaya ɗigon ya faɗo, za a sami wanda ya zauna cikin hanyar gaba ɗayansa. Na lissafa, sai na ga kusan takun nan talatin ne na zamanin mahaifinmu.

Washegari na je wajen Isa. Na same shi yana gyaran injin ban ruwa. Na faɗa masa komai, na ce mu ja da baya, ni rabi shi rabi.

Ya ce, "Yaya, kai ka kai ƙara, kai ka tara mana jama'a, yanzu kuma don 'yarka ta latsa waya sai mu sare rake? Saura wata biyu a fara sara."

Na ce, "Isa, ka san hanyar nan."

Ya ce, "Na san ina da 'ya'ya tara. Ko kunya ɗaya ba zan bayar ba. Mun ci shari'a, ka bar ta a ciye."

Ban yi masa gardama ba, domin ni na koya masa. Na koma gida na ɗauki takardar, na wuce fada tun wa'adi bai cika ba, na roƙi dagaci ya tara waɗanda suka halarci zaman farko, kada a rage ko mutum ɗaya. Da suka taru na sake shimfiɗa ta a inda na shimfiɗa ta da fari. Na ce duk wanda ya nuna mini rijiyar masallacin Juma'a a cikinta, na ba shi tunkiya. Suka yi ta lalube, har da mai cewa tana ganin allura. Da suka gaji na yi musu bayanin ɗigo kamar yadda aka yi mini, da taku goma sha uku da furar da aka dama. Sannan na juya wajen Buba.

Na ce, "Jauro, a burtali na karya haƙorina. Na sani ran nan, na ƙi faɗa. Ka yafe mini."

Buba ya daɗe yana murza sandarsa.

Ya ce, "Na yafe. Amma ka sani, matana sun riga sun fara ɗaure kaya."

Wannan maganar ta fi kowane zagi yi mini ciwo. Na ce wa dagaci hanya za ta koma taku talatin, kuma tunda ni na ja wannan ruwa, ni zai doka. Duk abin da ya rage a cike, a ɗauka daga ɓangarena.

Ranar Asabar na ɗauki igiya da turaku da adda. Na auna daga bakin raken Isa zuwa cikin nawa, taku talatin, daga titi har kogi. Abin da ya shiga ciki ya kusa sulusin gonar, kuma shi ne wuri mafi kyau. Lebura biyu na ɗauka, ɗaya ya gudu da ya ga abin da za a yi, ya ce shi ba ya sa hannu a hauka. Raken bai nuna ba, ruwa ne zalla, ko masu mazarƙwaila ba za su karɓa ba. Kwana huɗu muna sara, mutane suna tsayawa a titi suna kallo. Mahaifiyarku da kanta ta riƙa aiko mana da fura, wannan karon da nono har ya yi yawa. Abin da muka sare na sa aka kwashe aka zube wa shanun Buba, su da aka kai ƙara don sun ci kaɗan. Bayan nan na dasa aduruku a jere a bakin sabuwar iyaka, don mai garma ya san inda zai tsaya ko ba na raye.

Ba zan ɓoye muku abin da ya biyo baya ba. Ƙungiya ta sauke ni daga sakatare, suka ce na tona wa manoma asiri, domin bayan nawa sai da aka tayar da maganar wasu burtulla biyu. A kasuwa aka laƙaba mini Malam Ɗigo, har yau akwai masu kirana da shi, ina kuma amsawa. A shekarar ce aka fasa yi wa ɗakinku rufin kwano, kuka ƙara damina biyu kuna tara kwanoni a ƙarƙashin yoyo, na san wasunku ba su manta ba. Mafi nauyi shi ne Isa. Ya ɗauka na yi ne don in nuna shi a idon duniya. Shekara uku bai taka zaurena ba, sai gaisuwar masallaci. Mun shirya kafin ya rasu, alhamdu lillahi, amma zaman hirar da muke yi da can bai dawo ba. Ƙanena ne ciki ɗaya, kuma har gobe ina jin wannan rashi.

Da ranin shekara ta biyu Hadiza ta aiko mini da takarda a hannun direban motar Zariya. Hoton fadama ne, daga wancan tauraron mai dishi-dishin ido. Na warware a kan tabarma. Daga titi har kogi ga wani layi fari-fari ya ratsa kore, ba sai an nuna wa mutum ba. Na naɗe na tafi ruga na nuna wa Buba. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini.

Ya ce, "To, yanzu shi ma ya gani?"

Na ce, "Ya gani."

Ya ce, "Madalla. Ya daɗe bai waye ba."

Takardun nan biyu suna cikin akwatina na ƙarfe, ta farko da ta biyu, a naɗe tare. In an zo rabo ku fito da su ku shimfiɗa a gaban kowa. Gonarku ta tsaya a jikin aduruku. Abin da ke bayansa ban ba Fulani kyauta ba, domin mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Wata shekara ɗayanku zai isa bakin iyaka da garma, ya ga ƙasar can ta fi baƙi, zuciyarsa ta ce masa kunya ɗaya ba ta rage komai, babu ma mai gani ko daga sama. Gaskiya ne, kunya ɗaya ba ta fitowa a hoto. Ni ma da ita na fara. Duk wanda ya ƙara ta a cikinku, ban yafe ba.